Yayata da Muka Bari a Bayan Gari

Jiya a wani kantin magani a unguwar Mahjar ta Jidda aka buɗe kwalbar jan maganin miki, sai warinsa ya mayar da ni garinmu, can ƙasar Nijar, zamanin mulkin Faransa.

Ka san Nasara biyu ne a garin, kuma ba sa ga-maciji da juna. Akwai kumandan, wanda ba ya ibada kowace iri, amma ranar idi yakan aika wa sarki rago. Akwai kuma limaminsu mai dogon gemu, wanda kumandan ya hana kaɗa ƙararrawa a garin Musulmi, ya tura shi gefen fadama. A can wasu mata masu farin lulluɓi suke wanke wa mutane gyambo. Da damina, ƙasa duk laka, ni nake raka yayata wurinsu, tana ɗingishi, ƙuda na bin ƙafarta.

Shekarar da gardi, wato dogarin kumandan, ya zo neman yaro ɗaya daga gidanmu don lakwal, makarantar boko ke nan, ni aka nuna. Malamin lakwal ya zo da kansa, ya rantse wa kakana cewa makarantar gwamnati ce, ba ruwanta da addinin mai gemu, ba a ma ambaton Allah a cikinta. A ganinsa ya kwantar mana da hankali.

Kakana ya ce, "Mai gemun, ko ba komai, ya san akwai Allah. Ku fa?"

Bayan girbi muka sayar da gero da awaki, muka kama hanyar gabas a ƙasa. Yayata ba ta iya doguwar tafiya. Aka bar ta hannun matan nan, a kan in mun sauke farali za mu dawo. Ta tsaya jikin darni ta ce, "Auta, ka sha mini zamzam."

Ba mu koma ba. Kakana ya rasu a Sudan, iyayena kuwa a nan Jidda aka binne su.

Ina magidanci wani alhajin garinmu ya same ni a kasuwar Balad, cikin abokan sana'a. Ya ce, "Yayarka na gaishe ka. Ta bi addinin masu lulluɓi, amma kullum tana tambaya ko Inna ta ga Ka'aba." Idon jama'a na kaina. Na ce ni ba ni da wata yaya. Ko gorar zamzam ban ba shi ya kai mata ba.

Mun gudu don kada a karɓe mana ɗa, sai muka miƙa ɗiya da hannunmu. Kumandan da mai gemu sun koma ƙasarsu, watakila ma jirgi ɗaya suka hau.

Yanzu waya na hannun kowa, amma da aka tambayo mini, an ce ta daɗe da rasuwa. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan. In na fita don ganin kabarinta, ba dawowa. Jikata, wadda Hausa ke yi wa nauyi a baki, takan ce da Larabcinta, "Halas ya jaddi," wato shi ke nan Kaka, ya wuce.

Ga jarkar zamzam nan a kusurwar ɗaki, ba ta yankewa. Duk sanda na ɗaga kofi, sai in ajiye shi ban sha ba.