Waken Iya da Shanun Baffa

Ka tambayi duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can bayan Yako, zai gaya maka ba a taɓa haifar ɗan aike irina ba. In aka aike ni, kafin mai aiken ya rufe baki na dawo da amsa. Kaji sun san sautin tahowata, tun daga nesa suke darewa. Haka nake faɗa wa 'ya'yana, su kuma suna gyaɗa kai, tunda tuwona suke ci. To amma shekaranjiya wani mai babur ya wuce ta gaban shagona da lodin harawar wake, ƙamshinta ya buge ni, sai na ji bakina ya mutu. Mai shayin da ke gefena har ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, wani aike ne na tuna.

Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu a lokacin. Damina ta zo ƙarshe, irin kwanakin nan da hadari ke haɗuwa baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Duk gari ƙamshin sabuwar masara yake. An shanya ta a kan rufi, an shanya a tsakar gida, har ba ka samun inda za ka taka. Mata na ɓarar gyaɗa a inuwa, tsofaffi na duban dawa suna cewa saura kaɗan, mu kuwa yara cikinmu kullum a ɗaure kamar ganga.

A wancan zamani akwai wani tsohon Bafulatani da muke kira Baffa, rugarsa na tsallaken fadama, kan wani tudu. Tun zamanin kakanmu ake zumunci da gidansa. Ƙa'idar ita ce, duk shekara in ya ga mun kwashe masara, bayan kwana biyu sai ya koro shanunsa gonarmu su zauna. Su ci kara, su bar mana taki. Ba a aika masa ya zo. Ana aika masa ne kawai in akwai dalilin da zai dakata.

Shekarar nan kuwa akwai dalili. A gefen gonar akwai gayaunar Iya, mahaifiyar babanmu, inda take shuka wakenta. Wani irin wake ne fari, manya-manya, da ta zo da shi daga garinsu wajen Tudun Wada tun tana amarya. Ba kowa ke da shi ba a yankinmu. Duk shekara sai ta ware iri, ta cakuɗa da toka, ta toshe a ƙaramin tulu ta tura ƙarƙashin gado. Alalarsa kuwa, ranar da ta yi, har mutanen da ba sa gaishe mu sai sun zo gaisuwa. Shekarar an yi jinkirin shuka, waken bai gama bushewa ba, kuma ta zuba irin nata duka a ƙasa, tulun babu komai.

Da hantsi babanmu ya kira ni. Ya ce in je ruga in gaya wa Baffa ya dakata da shanu sai bayan Juma'a, Iya ba ta yi roro ba. Ya maimaita sau biyu. Na ce ai ko sau ɗaya ma ya yi yawa.

Na fita da gudu, wannan kam gaskiya ne. Sai dai a fadama na tarar da abokaina. Ruwa ya ja baya ya bar wani kududdufi, suna ciki tsamo-tsamo suna lalubar tarwaɗa. Na ce bari in tsaya in ga ɗaya kawai. Daga gani sai na tuɓe riga. Da na ɗago kai, rana ta karkata, ana kiran sallar la'asar a gari. Tudun rugar yana nan a gabana, ina hango bukkokin. Da na daure na ƙarasa, da yau ba ni da labarin da zan ba ka. Amma na dubi jikina duk taɓo, na ji yunwa, na ce gobe da sassafe zan je. Na wanke jikina a ruwan fadama na juya gida.

Babanmu ya ce, "Ka same shi?"

Da na ce e na yi shiru, da da sauƙi. Ina! Sai da na ƙara gishiri. Na ce na same shi yana ɗaurin maraƙi, ya ce a gaishe ka da kyau, ya ce ko sati biyu ne zai jira, har ya sa aka ba ni kindirmo na sha ƙwarya guda. Babanmu ya ce madalla. Iya tana tsinkar zogale a gefe, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai.

Washegari aka tafi da ni ɗaukar gyaɗa tun asuba. Jibinsa na manta ɗungurungum.

Ranar nan matar wan babanmu ce ta shigo da salati, wai shanun Baffa sun shiga waken Iya. Kafin mu isa gona, shanu sun gama. Wanda bai taɓa ganin inda shanu hamsin suka bi ta kan wake ba, ba zai gane ba. Babu ganye, babu kwanso, sai sawun kofato da ɗanyen kashi. Iya ta tsaya a bakin gayaunar, hannunta ɗaya a kan baki. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Babanmu mutum ne mai sanyi, amma ranar har maƙwabta sun ji muryarsa. Ya ce ya aika, an amsa masa da alheri, sannan aka yi masa wannan. Magana ta kai ƙofar mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, dattawa suka zauna, Baffa ya zo da sandarsa da babban ɗansa, wani matashi dogo. Aka yi gaisuwa mai tsawo, kowa na tambayar iyalin kowa kamar ba abin da ya faru. Sannan aka kira ni.

Mai unguwa ya ce, "Yaro, ka isar da saƙon babanka?"

Na dubi ƙasa. Tururuwa na wucewa a jere kusa da yatsana, na yi fatan ni ce ɗaya daga cikinsu. Na ce na isar.

Ɗan Baffa ya zabura zai yi magana, tsohon ya taɓa masa gwiwa da sanda. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, in yaro ya ce ya zo, to ya zo. Tsufa ne ya kama ni. A yi haƙuri."

Shi ke nan maganar da ya yi. Dattijo mai furfura, a gaban jama'a, ya ɗauki sunan maƙaryaci ko mai ruɗewa, ya ɗora wa kansa. Ni kuwa ina tsaye ina sosa ƙeya. Aka ba da haƙuri, aka yi addu'a, amma abu ya riga ya tsage. A ranar ya kwashe shanunsa daga gonarmu, ya koma wata gona can wajen hanyar Falgore. Bai ƙara zama a tamu ba. In sun haɗu da babanmu a kasuwa suna gaisawa, amma irin gaisuwar da ba a tsayawa.

Da yamma na ga Iya ta ɗauki ƙoƙo ta nufi gona. Na bi ta. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo tana tona sawun shanu da yatsa, ko za ta sami kwanson da ya tsira. Na durƙusa gefenta ina tonawa. Har magariba muka haɗa abin da bai rufe gindin ƙoƙon ba, rabinsa ɗanye. Ya fi sau goma ina niyyar gaya mata gaskiya ina fasawa. Ita ma ba ta tambaye ni komai ba. Ta shanya su, ta sa a tulu, amma da damina ta dawo ba ɗaya da ya tsiro. Waken garinsu ya ƙare a hannuna. Har ta rasu, waken kasuwa take alala da shi, in ta ɗanɗana sai ta ce ba laifi.

Yanzu ba wanda ke barin kara a gona. Kafin ka kwashe masara an yanke shi an ɗora a kan bishiya, taki kuma a buhu yake zuwa, ni ma shi nake sayarwa. In shanu suka shiga wake yau, ba tabarma ake shimfiɗawa ba, caji ofis ake nufa, kowa da wayarsa a kunne. Da a wannan zamani na yi abin da na yi, Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya.

Baffa ya daɗe da rasuwa, babanmu ma haka. Bara, ranar kasuwa, na hangi ɗan nan nasa, ya tsufa, yana sayen gishirin dabbobi. Na ja shi gefe, na saya masa shayi, na gyara murya. Na yi masa jawabi mai tsawo, har da idona ya kawo ruwa. Na ce yau zan tona asirin da na ɓoye shekara arba'in, wanda ba mahalukin da ya sani: ban je ruga ba ranar nan.

Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin.

"Wane asiri? Ai muna kan tudu muna kallonka tun hantsi. Tsoho ne ya ce a ƙyale ka, wai yaron da ya wuni a taɓo bai kama ko tarwaɗa ɗaya ba, kunyarsa ta ishe shi."