Warin Takalmin da Kawu Ya Kai Kanti

Har yanzu in aka hura wuta a madafa, ƙaurin ciyawa ya taso, sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Inna ta ce in bar zancen haka nan. To, baki ya bari, amma hannu bai yarda ba, shi ya sa nake rubutawa.

Kawuna, ƙanen Inna, tsohon soja ne. A can ya koyi tuƙi, da aka sallame shi ya dawo Dakoro da wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, yana ɗaukar hatsi da gishiri da fatu. Ban da motar kumandan mai mulkin yankin da ta likita, ita kaɗai ke kwana a garin. Bana da na gama makaranta na dawo gida ina jiran a tura ni koyarwa, na tarar tayoyinta sun cinye, sun yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, ko'ina faci.

Ranar kasuwa Kawu ya ce in raka shi wurin taubashinsa, mai yanka takalma daga matattun tayoyi. Makiyayan Azagor da Tagriss wurinsa suke saye, don ƙaya ba ta huda su.

"Ga mai gawa ya iso," in ji taubashin. "Yaushe za ka ba ni huɗun nan? Tun bara na wasa wuƙa."

"Ungulu," in ji Kawu. "Ba ka da addu'a sai motata ta mutu."

"A'a, mota ta daɗe, tayoyi su mutu. Ni ne magajinsu, ko ka so ko ka ƙi."

Kawu ya zauna a kan tulin roba ya ce, "To magaji, cikin wanga tarin, wace ce ka fi tsana?"

Taubashin bai ko yi tunani ba. Ya jawo wani yanki ya jefa gabanmu, ya ce wannan ta dakushe masa wuƙa har ya yi rantsuwa ba zai ƙara taɓa irinta ba. "Ɗiyata, taɓa bakin yankan." Na taɓa. Zare ne jere a kan jere cikin robar, har can gefenta, ba ƙasa kaɗai ba. Zanenta kuwa ba zurfi. Ya ce taya mai manyan haƙora tona rairayi take kamar kaza, ta binne kanta da kanta. Wannan shimfiɗuwa take kamar tafin raƙumi.

Ya miƙa wa Kawu takalmin da ya yanka daga jikinta, wari ɗaya.

"Ina ɗayan?"

"In na ba ka biyu sawa za ka yi ka gudu. Tahi Maradi ka nemo mini uwarsa."

Da za a tafi Maradi, ni aka ɗauka tafinta. A babban kanti Kawu ya ciro warin takalmi daga aljihu ya aza a kan tebur gaban Bature, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Baturen ya yi dariya, sannan ya sa aka mirgino tayoyi. Kawu ya riƙa manna takalmin a jikin kowace yana gwada zane, har aka kai ga wasu a can ƙuryar sito, ƙura ta rufe su. Zanen ya zauna daidai. Kawu ya hau ɗaya ya zauna, ya danna gefenta da dunduniya. Baturen ya ce suna da nauyi, za su sa mota shan mai. Na juya wa Kawu da Hausa.

"Ce mishi ta sha," in ji Kawu. Ya saye huɗu.

Bayan an cire gero muka ɗauki hanyar arewa, za mu kai wa kakata hatsi a rugar danginta kusa da Tagriss, mu biyu kaɗai. Damina ta yi kyau, ciyawa ta kai ƙugu, ta bushe ta yi fari. Da muka shiga rairayi Kawu ya sauka ya rage wa tayoyin iska har suka baje, ya ce da tsofaffin ne ba zai yi kasadar haka ba, gefensu tsagewa zai yi.

Bayan azahar na ga gabas ta yi duhu. Na ce, "Kawu, hadari?" Ya leƙa ta taga yana duban gabas. Sai bareyi suka ratsa gabanmu, ba su ko kalli motar ba. Shirwa sun cika sama suna shawagi. Daga nan iska ta kawo ƙaurin.

Ban taɓa sanin wuta tana da murya ba. Tun kafin mu gan ta muka ji ta, kamar garke mai yawa yana gangarowa rijiya. Da muka hau wani tudu sai ga ta, ja, a miƙe daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan, tana tafe ba gaggawa ba tsayawa. Itatuwa suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, kowane ya yi haske ya koma baƙi. Tsoro ya kama ni, amma wallahi na kasa kau da ido. Duk abin da aka koya mana a aji game da girman duniya, ranar na fara ganinsa.

Na ce mu juya. Kawu ya ce a cikin wannan rairayi ta fi mu gudu, kuma bayanmu ciyawa ce har Dakoro. "Wurin da ya riga ya ƙone shi kaɗai ba ya ƙonewa, ɗiyata. Can za mu."

Ya kwance salkar ruwa, ya jiƙa buhu ya rufe garwar mai, ya jiƙa mayafina ya ce in lulluɓe har hanci. Sauran ruwan ya zagaya ya zuba wa tayoyin huɗu, yana bismilla a kan kowace. Ya ce in taya ɗaya ta fashe a tsakiya, mota za ta zauna, shi ke nan. Haka ya faɗa, kamar mai ba da labarin kasuwa.

Ya zaɓi inda ciyawa ta fi gajarta, ya taka mota.

Abin da na tuna kaɗan ne. Komai ya zama ja, sannan baƙi. Zafi ya mari fuskata ta cikin jiƙaƙƙen mayafi. Ƙarƙashinmu kututturai masu ci da wuta suna bugun tayoyi, kowane bugu sai in ce wannan ne. Ina jin warin roba. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, na ji Kawu yana yi wa motar magana a hankali, "Haba, haba, kaɗan ya rage."

Sai haske. Ƙasa baƙa ƙirin har iyakar gani, hayaƙi na tashi siriri nan da can, shiru kamar ba a taɓa halittar kowa ba. Kawu bai tsaya ba sai da toka ta yi sanyi. Ya sauka, ya durƙusa gaban tayar baya. Tana hayaƙi, gefenta ya babbake, wani tsinken itace ya kafe a jikinta. Ya kara kunne yana sauraron ko iska na fita. Ya rarrafa ya saurari sauran ukun. Sannan ya kifa goshinsa a toka.

Ni na waiwaya. Sawunmu biyu ne a miƙe cikin baƙar ƙasa, sun fito daga cikin wutar, da zanen nan na warin takalmi.

Da muka dawo gida taubashin ya zo, ya zagaya motar yana latsa tabon ƙuna da ɗan yatsa. Sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Ka cuce ni," ya ce wa Kawu. "Waɗanga sai na tsufa ban gaje su ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗaya warin, ya miƙo mini. Kawu ya haɗa mini da na farkon. Sun yi mini girma ƙwarai. Suna nan ƙarƙashin gadona.