Azumin Ɓerayen Hauwa'u

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, akwai wata safiya da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ina babban ma'aikacin ɗakin gwaji a wani asibitin dabbobi a Tambuwal.

Wata ɗaliba 'yar Kebbe, Hauwa'u, ta kawo mini amanar fararen ɓerayenta da izinin malaminta, don an rufe makaranta. Bincikenta a kan allurar sa barci ne, irin wadda ake yi kafin tiyata. Tana so ta ga yadda allurai iri biyu suke canza sukarin jini da aikin hanta da ƙoda. Asibitinmu ba mai gadi, sai na jera kejin a ɗakin zaurena, na rubuta wa kowane lambarsa da ajami.

Ƙa'idar aikin ita ce a janye musu abinci tun magariba, a bar ruwa kawai. Da safe a yi allura, su yi barci, a ɗebi jini a kai Sakkwato cikin ƙanƙara. Idan ɓera ya ci, sukarinsa zai hau, ba za a san ko allura ce ko abinci ba. Ɓerayen kuma sun kai girman da ake so. In suka wuce, aikin shekara ya tashi.

Ana gobe Hauwa'u za ta zo ɗibar jini, na janye abincin. Da safe na tarar da ɓawon gero cikin kowane keji. Na kira uwargidana, Hajiya Balki.

"Wa ya shiga ɗakin ga?"

"Ni ce. Malam, ka tsare dabba ka hana ta ci, mi za ka ce ma Allah? Kuka sunka yi ta yi."

Sai ga Hauwa'u a bayan babur, ta sha hanyar Kebbe, riƙe da kular ƙanƙararta. Da na yi shiru, da ba wanda zai sani. Na ce mata, "Ɗiyata, yau ba a ɗibar jini. Sun ci gero."

Ta zauna a dakali, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ƙanƙarar ga da wuya na same ta."

Hajiya ta fito ta saurari bayanin da kyau, musamman da aka ce don lafiyar masu shiga tiyata ake yi. Ta ce, "To, a sa shi Alhamis. In za su ji yunwa, mu ji tare."

Haka aka yi. Ta ɗauki azumin nafila, ta nemo ƙanƙara da kanta wajen wata maƙwabciya. Aka yi allura, aka ɗebi jini tsaf. Da suka farfaɗo, ita ta zuba musu abinci, ta dubi Hauwa'u ta ce, "Na biya ki ranarki."

Hauwa'u ta ci jarrabawarta, alhamdu lillahi. Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: na'ura ba ta san abin da dabba ta ci ba, mai tsaronta ne ya sani. Kuma ku riƙa yi wa mutanen gida bayani tun kafin magariba.