Shafin Baya na Littattafan Yaya Sabo

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayana, Sabo tela na unguwar Rikkos a Jos, kuma bana ce ta farko da ranar ta zo mini da fargaba, ba kewa kaɗai ba. Ɗansa Nasiru zai yi aure, yana son ɗakin da littattafan ubansa suke, har ya yi magana da wani mai tsire zai zo ranar Asabar ya kwashe su. Littafin da Yaya ba ya yarda a taɓa da hannun maiƙo, shi za a naɗe nama da shi.

Duk wanda ya san Yaya ya san inda kuɗin ɗinkinsa ke tafiya. In an gama ɗinkin Sallah, sauran teloli su sayi babur ko su sake kwanon rufi, shi kuwa ya nufi masu tsofaffin littattafai a bakin titi ya dawo da buhu. Matarsa takan ce da ana tuwo da takarda, da har maƙwabta sun ƙoshi. Dariya kawai yake yi, ya kai takalminsa a sake yi masa faci.

Dokarsa guda ce. Yana ba kowa aro, amma sai ya rubuta sunansa da hannunsa a shafin baya, in ya dawo da shi ya ƙara layi ɗaya a kan abin da ya karanta. Shi ya sa za ka ga sunan Malam Isa direba, a ƙarƙashinsa na Emeka mai kayan gyaran mota, wanda ya taɓa rubuta, “Oga Sabo, matan nan na ciki ya cika wayo, ba ni wani.” Tun da rikici ya canza zaman garin nan, Emeka ya koma unguwar Daɗin Kowa, ba ya zuwa, mu ma ba ma zuwa. A bayan littattafan nan ne kaɗai har yanzu muke maƙwabtaka.

Na yi wa Nasiru magana, na ce kyan ɗa ya gāji ubansa. Ya ce, “Gwaggo, duk ina da irinsu a filash na kwamfuta, har sun fi nasa yawa. Ga ɓera ya fara ci.” Amma laifi tudu ne. Ni ma shekara biyu rabona da sayen littafi. Tun da na mallaki kwamfutar cinya, ɗan abin da nake warewa duk wata shagon intanet nake kai shi, a zubo mini littattafai a filash. Akwai sauƙi, ban musa ba, amma ko rabinsu ban buɗe ba, kuma ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa neman aro.

Da Yaya zai leƙo yau, na san da farko murna zai yi, a ce abin da bai wuce ɗan yatsa ba ya ɗauke ɗaki guda. Daga nan sai ya juya shi gaba da baya, ya tambayi inda ake rubuta suna.

Ciki da falona a Jos Jarawa kwali biyu kawai zai ɗauka. Shekaranjiya na fara zaɓe, kuma ba sunan littafi nake dubawa ba, bayansa nake juyawa. Duk wanda na tura gefe sai gabana ya faɗi, don mutane ne a ciki. Yaya bai bar fili ba, bai bar mota ba, su ya bari.

Can ƙasan tulin na ci karo da wani mai rubutun yaro, harufa duk sun karkace: “Nasiru Sabo, aji uku. Baba, ban gane ba, amma na gama.” Na ɗora shi a kan kwamfutar Nasiru. Yau Alhamis, saura kwana biyu mai tsire ya zo. Allah Ya jiƙan Yaya Sabo.