Labaran Mai Rijiyar Tsaunin Kanya

Haihuwa da Tasowa

An haifi Malam Labaran a garin Kudan a shekarar 1883. Mahaifinsa Malam Dalhatu maginin rijiya ne, mahaifiyarsa kuwa Kulu. Ya yi karatun allo, amma bai sauke ba, domin tun yana ƙarami Allah ya yi shi da ƙafar yawo, malamai uku ya sauya cikin shekara huɗu. Daga bisani ya bi mahaifinsa gari-gari yana koyon sana'a.

Aure da Aikin Dogo

A 1911 ya shiga ayarin masu shimfiɗa ƙaramin layin dogo da ya tashi daga Zariya ya nufi ƙasar Jos. Bayan shekara uku ya auri Hajo 'yar Salmanu, ya kama gida a Tudun Wada ta Zariya, wadda a lokacin bukkoki ne jefi-jefi. Gidan dai suna kawai ya tara, domin da wuya Labaran ya kwana bakwai a jere a cikinsa.

Tashar Tsaunin Kanya

A 1916 aka tura shi Tsaunin Kanya, wata 'yar tasha mai rumfar kwano ɗaya da tanki. Ba don kaya ko fasinja jirgi ke tsayawa a nan ba, sai don ya sha ruwa daga rijiyar da Labaran ya gina, yake kuma kula da ita. Albarkacin wannan tsayuwa ta ɗan lokaci kasuwa ta kafu, mata na sayar da fura da dafaffen rogo ta tagogin jirgi, har gidaje arba'in suka taru. Abin mamaki, mutumin da gari bai taɓa riƙe shi ba, sai ga rami ya riƙe shi. Ko ya je Tudun Wada ganin iyali, hankalinsa na can. Hajo kan ce, “Malam, zauna mana ka ci tuwon nan, rijiyar ba guduwa za ta yi ba.”

Shekarar Fari

A bazarar 1927 ruwa ya ja baya, tanki ya daina cika. Sufeton layi ya ba da wa'adin kwana bakwai, in ruwa bai dawo ba a mayar da tankin tasha ta gaba, jirgi ya riƙa wucewa. Labaran ya shiga rijiya da kansa. Ƙa'idar magina ita ce in an haƙa gaba guda a tsaya a ɗaure bango da dutse, kuma ya fi kowa sanin haka. Mai unguwa Ɗantsoho ya leƙa ya roƙe shi ya dakata ya ɗaure bango, Labaran ya amsa daga ƙasa, “Baba, in na tsaya ɗauri, wa za ku sayar wa fura ranar Asabar?”

Rasuwa

Ranar Alhamis, kwana na shida na wa'adin, da hantsi, aka ji Labaran ya yi kabbara, ruwa ya ɓullo. Kafin a zura masa igiya bango ya rufta. Sai bayan azahar aka fito da shi, rai ya yi halinsa, yana da shekara arba'in da huɗu. Da ruwan da ya tono aka yi masa wanka. Jirgin la'asar ya tsaya, ya sha, ya ɗauki gawarsa zuwa Zariya, aka yi masa sutura a maƙabartar Tudun Wada kafin magariba.

Ya bar matarsa Hajo da 'ya'ya huɗu: Kailani, Atika, Zinatu, da Nagoda, wanda aka yi sunansa ana saura kwana biyu uban ya shiga rijiyar, bai ko samu zuwa ba. Tasha ba ta tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.