Barandamin da Ba Shi da Ƙota

Kwanaki ɗiyata ta nuna mini hoto a waya, gaturan yaƙi na mutanen can arewacin Turai da aka tono a kaburburan jarumansu. Ƙarfen kaɗai ya rage, ƙasa ta cinye ƙotar. Na ce mata ai mu ma muna da irinsa, sai dai namu ba ƙasa ce ta ci ƙotarsa ba.

Barandami ne, gadon kakanni, yana rataye a ɗakin kakanmu a Horo Birni. Baƙi wuluk, bakinsa kamar jinjirin wata, kullum yana ƙanshin man shanun da tsohon ke shafa masa. In mun tambayi ƙotar sai ya ce gara ta ci. Zolaya ce kawai, Allah ya jiƙansa, bakinsa ba ya rabo da ita.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, shanun wani makiyayi suka yi kaca-kaca da gonar Baffa, ƙanen babanmu. Baffa ya shigo ido jajur, ya ce a ba shi barandami. Mata suka hau salati. Ni kam na tsorata, don na san in ya fita da shi sai an zubar da jini.

Tsohon bai hana shi ba. Ya sauko da ƙarfen ya miƙa masa.

"Ga shi. Amma wanga ba a sa mai ƙotar aro. Tai daji ka saro ƙirya, ka sassaƙa da hannunka, ka bari ta bushe."

Kai, ƙirya ice ne mai taurin tsiya! Baffa ya wuni yana sassaƙa yana huci, tafinsa duk bororo. Kashegari hucin ya ragu. Kafin icen ya bushe, makiyayin ya zo da dattawansu, suka durƙusa a zaure, ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin zaunar da shanunsa a gonar da rani don taki. Baffa ya sunkuyar da kai, can ya miƙa masa hannu.

Kakarmu ta tura ƙotar a murhu ta tuƙa mana tuwo. Sai da na girma ta gaya mini ba ita ce ƙota ta farko da ta ƙona ba.

Yanzu adda da ƙotarta ake saye a kasuwa, babur kuma ya kai mutum gona kafin ya haɗiye fushi. Bara aka kawo mana gawar jikan Baffa daga gona, a kan ɓarnar da ba ta kai ta wancan geron ba. Ba wanda ya tsaya sassaƙa komai.