Jinyata da Dokina Akawal a Bayan Ganuwar Birnin Gwari

'Yan'uwa da abokan fatauci, ni ne Tanimu mai kanwa. Tun da na dawo Zariya na ja bakina na yi shiru, duk wanda ya tambaye ni sai in ce a bari sai na huta. Yau zan faɗa, don na ji har yanzu ana cewa aljanun daji ne suka riƙe ni.

Ciwo ne ya riƙe mu, ni da dokina Akawal.

Ayarinmu ya nufi ƙasar Nufe. Muna tsakiyar dajin Birnin Gwari na ga wasu ƙullutai sun jeru a ƙafar Akawal ta baya kamar carbi. Washegari suka fashe. Na riƙa wanke masa da hannuna, alhali ƙaya ta tsaga mini babban yatsa. Kafin mu hango ganuwa hannun ya kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni.

Masu gadin ƙofa suka hana dokin shiga gari. Madugu ya ce ayari ba zai jira mutum ɗaya ba, ga labarin mahara a daji.

Abokin cinikina Sambo ne ya kai mu wurin wani tsoho mai jinyar dawaki a bayan ganuwa, Baba Jatau. Sambo ya ce zai wuce da jakunana ya sayar mini da kanwar, in sun juyo ya ɗauke ni. Kafin ya tafi na hango su biyu a gindin tsamiya suna magana ƙasa-ƙasa. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

Gidan Baba rumfuna ne da turaku, kowane turke da dokinsa marar lafiya. Nawa aka ware can nesa, ni kuma aka shimfiɗa mini tabarma a bukkar da ke kallonsa.

Kullum da hantsi Baba yakan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga fatar ido, ya taɓa ƙarƙashin muƙamuƙi, ya tona kashin da tsinke ya duba. In ya gama da su sai ya wanke hannu da toka ya zo kaina, ya yi mini kusan abin da ya yi musu.

Ranar farko ya kawo mini jiƙon maɗaci a ƙoƙo. Na ce, "Baba, fara sha in gani."

Ya dube ni, ya kurɓa, ya miƙo mini. Daga ranar bai ƙara jira in ce ba, kullum sai ya kurɓa kafin ya ba ni.

Duk da haka ban yarda da shi ba. In ya shafa wuyan Akawal sai in ce a raina farashi yake yi masa. In baƙo ya tsaya a bakin danga sai in ce mai saye ne.

Ranar da aka yi wa dokin lalas ina kallo. Aka kayar da shi da igiya, aka ɗora jan ƙarfe a kan kowane gyambo. Baba ya juyo ya ce, "Ɗana, saura kai. In aka bari ciwon ya kai hammata, ba ni da abin yi."

Na ciji tsumma. Ƙaurin naman jikina na fara ji, sannan ban ƙara sanin inda nake ba.

Bayan haka kwanaki suka cakuɗe mini. Kunu, jiƙo, man shanu a kan ƙuna. Akawal yana kwance ya ƙi ko dusa. Na tabbata a ƙasar mutane za a binne ni.

Wata safiya na buɗe ido, turken babu kowa.

Na ce shi ke nan, an sayar. Na rarumi sanda na bi sawun kofato, ina tafiya ina faɗuwa, har bakin rafi. Can na same su. Akawal tsaye da ƙafafunsa cikin ruwa yana fizgar ciyawar gaɓa, Baba yana wanke masa tabban.

Na faɗa masa duk abin da nake zarginsa da shi. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Abokinka ne ya ce ba za ka tashi ba, in riƙe dokin ladana. Na ce masa ba na karɓar lada a hannun mai rai da sunan gawa. Ban gaya maka ba don jikinka ba zai ɗauka ba."

Ayarinmu kuwa ta wata hanya ya koma. Ba wanda ya zo.

Da muka warke na ba Baba sirdina da babbar rigata, su kaɗai suka rage mini. Na bi wasu Fulani masu gangarowa da shanu, ina jan Akawal a ƙasa don bayansa bai yi ƙwari ba. Na iso gida na tarar da matata Ladi cikin takaba. Sambo ya gaya musu da hannunsa ya zuba mini ƙasa. Har yau bai yarda mun haɗu ba, maganarmu tana gaban alƙali.

Na gode wa Allah. Na gode wa Baba Jatau, da Ladi, da waɗanda suka ciyar da 'ya'yana.

Masu dawaki, in kun ga ƙulli a ƙafar doki ku ware shi, ku raba masa wurin shan ruwa. Kada ku taɓa gyambonsa da hannu mai rauni. Ku nemi mai magani tun bai fashe ba.

In kuma ciwo ya kayar da ku a hanya, ku damƙa kayanku a gaban madugu da shaidu, ku aika gida ta bakin mutum fiye da ɗaya. Yatsana biyu ba sa lanƙwasuwa, amma jiya na riƙe linzami da su har kasuwa.